Baldo a Kan Dutsen Cire Riga

Duk wanda ya taɓa zama a shagon gahawa na ƙauyenmu, can cikin kwarin Konavle, ya sha labarin ranar da Baldo ya hau dutsen cire riga a Dubrovnik. Kuma daga bakin Baldo ya sha shi, don ba wani bakin da ya san da zancen.

Dutsen dai ba baƙon kowa ba ne. Da ka shiga ƙofar ganuwa ka faɗa dandali, famfon dutse na damanka, shi kuma yana hagu a jikin bangon coci. Kan wani dodo ne aka sassaƙa, tsayinsa daga ƙasa bai fi gwiwa ba, faɗinsa kamar tafin hannu, ƙafafun jama'a sun goge shi har ya fi sabulu santsi. Ana cewa wanda ya hau shi yana fuskantar bango, ya cire rigarsa kafin ya faɗo, to ya gama da wahalar neman aure.

Baldo tuzuru ne da ya ba hamsin baya, ga gashin baki kamar tsintsiya, ga tumbin da ke riga shi shiga ɗaki. Sanin da ya yi wa Birni, yadda muke kiran Dubrovnik ke nan, bai wuce wankin kwanuka da ya taɓa yi a wani gidan abinci yana saurayi ba, aka sallame shi tun bai gane hanyar bayan gida ba. Amma a bakinsa, shi da Birni rana ɗaya aka haife su.

"Ni fa na hau dutsen nan," in ji shi wata yamma, ya ɗora ƙafa a kan kujerar wani. "Na cire kwat, na cire riga, na ɓare lemo na sha, na mai da rigar na sa maɓallai. Har sai da fadan cocin ya leƙo ta taga ya ce, Baldo, sauko haka nan, ka rage wa na baya sa'a."

"Bara ɓaure ka ce ka ci," in ji wani tsoho mai laima, wanda duk ƙauyen ke kira Dundo Miho, wato Kawu Miho.

"Hawan daban, Dundo. Ba sau ɗaya na hau ba."

"To ina matar? Mu da ba mu hau komai ba an ba mu ɗaya ɗaya, kai ko rabi ba ka samu ba."

"Sa'a ba ta ruɓewa. Ajiye ta na yi."

Ana cikin dariya ashe Pave na tsaye a bakin ƙofa, ta zo kiran kawunta ya je ya ci abinci. Pave 'yar ƙanwar Dundo Miho ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, tana ɗinkin ado da zaren siliki tana kai wa masu shaguna a Birni. Ita ce Baldo ke tsayawa a ƙofar gidanta kullum rana ta yi sanyi yana rera waƙoƙin soyayya, karnukan unguwa na yi masa amshi.

Ta ce, "Baldo, kunnena ya ƙoshi, idona ne ke jin yunwa. Ranar Asabar zan kai ɗinki Birni. Ka zo ka hau dutsen ina kallo. In ka cire riga kafin ƙafarka ta taɓa ƙasa, ka zo gidanmu ran Lahadi ka yi magana da Dundo. In ka faɗo, kada in ƙara ganinka a ƙofar gidana, kai da waƙarka da karnukanka."

Baldo ya murɗa gashin baki. "Shi ke nan? Na zaci za ki ce in ɗauko miki hasumiyar agogo."

"Shi ke nan."

"Dundo, ka sa a dafa da yawa ran Lahadi."

Ya tafi gida yana fito. Sai da ya rufe ƙofa fiton ya ɗauke, don a rayuwarsa ko babban yatsa bai taɓa ɗorawa a kan dutsen ba. Ya ɗauko bulo ya jingina da bangon garken jakinsa, ya hau. Kafin hancinsa ya ga bango tumbi ya riga ya gaisa da shi, ya maido mai shi ƙasa. Ya sake hawa, ya sake dawowa. Jaki ya bar cin ciyawa ya tsaya kallo.

Da wani ne da ya je ya ba Pave haƙuri. Baldo kuwa ya zauna a inda ya faɗi ya yi tunani irin na manya. Santsin dutse, maganinsa ƙaro, ga shi can yana tsiyaya a jikin itatuwan kan tudu. Riga kuma a farke ɗinkinta, a ɗan kama da zare mara ƙarfi, ja ɗaya ta zube. Saura tumbi. Ya dubi jaki, jaki ya dube shi, sai idonsa ya sauka a kan majayin fata da ake ɗaure masa sirdi da shi.

Ya kai rigar wajen gwaggonsa Tete Yele, wadda katanga ɗaya ta raba gidajensu.

"Rigar zuwa coci za ka sa in farke? Da ita aka ɗaura wa ubanka aure."

"To ai ta san hanya ke nan, Tete."

"Kai dai da kanka ya kai rabin cikinka, da ka yi limanci." Ta karɓa tana tsaki, ta ɗauko almakashi.

Ranar Asabar da sassafe ya kama ƙyauren ƙofa da hannu biyu, Tete Yele ta zagaya masa majayi, ta dafa ƙafa a gadon bayansa ta ja.

"Ƙara, Tete."

"Na ƙara."

"Rami ɗaya."

"Jakin ma a nan yake tsayawa."

"Jaki ba aure yake nema ba."

Ta ja har sai da ƙarfen maɗaurin ya yi ƙara. Tumbi ya rasa hanya, rabi ya haura ƙirji, rabi ya tafi inda Allah kaɗai ya sani. Baldo ya sa farkakkiyar rigarsa a hankali, ya cusa gwangwanin ƙaro a aljihun wando, ya dubi madubi ya ga soja. Tete Yele ta ɗauki jakarta ta ce ko ana ha maza ha mata sai ta je ta ga ƙarshen wannan abu.

A cikin bas ya gano mutum ba ya lanƙwasuwa da majayi. Ya kama ƙarfe ya tsaya ƙiƙam.

"Ga wuri, zauna," in ji Dundo Miho.

"Mu mutanen Birni ba ma zama a bas." Muryar ta fito siririya kamar ta sarewa.

"Me ya sami muryarka?"

"Iskar teku ce, tana tace murya."

"Ko tekun ba mu hango ba." Tsohon ya dube shi sama da ƙasa. "Ikon Allah. Dare ɗaya cikinka ya rame, wuyanka ya yi ƙiba."

Pave ta miƙo masa busasshen ɓaure. Ya haɗiye yawu ya ce azumi yake.

"Ran Asabar?"

"Na alkawari ne."

Ta jefa ɓauren a bakinta tana kallon taga, kafaɗunta na ɗan motsi.

Bas ya sauke su a wajen ganuwa, inda mota ba ta wucewa, mai kuɗi da talaka kowa ƙafarsa ce dokinsa. Rana ta take, duwatsun dandali na ƙyalli kamar an zuba musu mai. Baldo ya shiga gaba, ya fizgi jar laimar Dundo Miho ya ce jagora ba ya tafiya hannu banza.

"Ku bi ni kurkusa. Nan kowa ya san ni, kada gaisuwa ta raba mu."

Ya hango wani mai kai abinci a gaban teburan da aka jera a gefen dandali, ya daki kafaɗarsa. "Ante, ɗan banza, har yanzu kana nan?"

Mutumin ya yi murmushin sana'a, ya amsa masa da Jamusanci, ya miƙa masa takardar abinci.

"Wasanmu ke nan tun muna yara," in ji Baldo.

"Kuna yara?" in ji Dundo Miho. "Ai ka haife shi ka yi masa ƙane."

Baldo ya yi kamar bai ji ba, ya ɗaga laimar sama zai nuna wa Pave hasumiyar agogo. To a Birni ɗaga laima ba wasa ba ne. Baƙin da jiragen ruwa ke zubowa ba su san fuskar mai yi musu jagora ba, laimarsa suka sani. Ga kuwa wani ayari nan a inuwa, jagorarsu mai jar laima ta shiga shago sayen ruwa. Suna ganin ja a sama suka miƙe gaba ɗaya kamar tumaki sun ji kiran dusa.

Baldo ya waiga ya ga jama'a a bayansa, da hulunan rana da wayoyi a ɗage. Ƙirjinsa, wanda dama a cike yake, ya ƙara tasowa.

"Kin gani, Pave? Labari ya riga mu isowa."

Ya fara yi musu jawabi da harshenmu, ya ce famfon nan kakansa ne ya nuna inda za a haƙa, ya ce hasumiyar ta ɗan karkace ne tun ranar da ya jingina da ita. Baƙi suna gyaɗa kai suna ɗaukar hoto. Ya kaɗa laima da ƙarfi don ya nuna tsawon ganuwa, sai hannun rigarsa na dama ya sulale ya faɗi ƙasa. Wata baƙuwa mai ladabi ta ɗauka ta miƙa masa da hannu biyu.

"Wannan ba hannun rigarka ba ne?" in ji Pave.

"Yayin Birni ke nan bana. Hannu ɗaya."

Tete Yele ta ɗaga kai tana nazarin gajimare, alhali ko ɗaya babu.

Baldo ya ga lokaci na neman ƙure masa. Ya ce al'ada ce mai hawa dutse ya fara shan ruwan famfo shi kaɗai, ya kewaya bayan famfon ya ɓuya. Tun da ba ya iya sunkuyawa, sai ya tuɓe takalman da ƙafa, ya ɗago su da ƙugiyar laima, ya buɗe gwangwani. Wanda ya san ƙaro kaɗan yake shafawa. Baldo ya ce kaɗan na matsorata ne, ya juye duka a ƙasan takalman, ga zafin aljihu da na rana sun narkar da shi ya koma kamar zuma.

Daga famfo zuwa bangon coci ba nisa. Baldo ya ga nisa ranar. Ya ɗaga ƙafar dama, ta ce ɓalat. Ya ɗaga ta hagu, ta ce ɓalat. Kowane taku sai ya yi kokawa da ƙasa kafin ta sake shi, kuma ba ta sakinsa hannu banza. Ya kwashi tikitin bas, ya kwashi gashin tsuntsu, ya kwashi ɓarɓashin burodi da gutsuren mazubin askirim. Tantabarun dandali suka hango abinci na tafiya da kansa, suka sauko suka bi sahu. Baƙi na bin laima, tantabaru na bin takalma.

"Me ya sami ƙafarka?" in ji Pave.

"Girmama dutse nake. Ba a je masa da gaggawa."

Bai rufe baki ba ya taka igiyar wani ɗan kare mai gashi kamar auduga. Ya yi gaba, kare ya bi shi da baya yana kuka, uwar ɗakinsa ta bi kare. Matar 'yar Birni ce ta asali, da hula da safar hannu a cikin wannan zafi.

"Malam, saki karena."

"Shi ya biyo ni, baiwar Allah. Dabbobi na sona."

"Ɗaga ƙafarka, baƙauye."

"Ni? A dandalin nan aka yanke mini cibiya."

"To da ma an haɗa da harshen."

Sai da Dundo Miho ya riƙe shi, Tete Yele ta fizge igiyar, sannan kare ya sami 'yanci, ya koma bayan siket ɗin uwar ɗakinsa yana yi wa Baldo haushi.

A gindin dutse suka tarar da layi. Wasu samari dogaye 'yan ƙasar sanyi suna gwada sa'arsu. Wannan ya hau ya zame, wancan ya kai riga har hammata ya dawo ƙasa, wani ma ƙafa ɗaya ya ɗora dutsen ya tofar da shi.

"Yara ke nan," in ji Baldo. "Tsawo kamar igiyar rijiya, ba dabara. Ku matsa ku ga yadda iyayenku suke yi."

Ganin ayarin da ke bayansa, samarin suka ba shi wuri, sun zaci wani shahararre ne. Dundo Miho ya karɓi laimarsa, ya buga ta a ƙasa ya ce da ƙarfi, "Jama'a ku shaida. Riga ta fita kafin ƙafa ta taɓa ƙasa, ya zo gidana gobe. Ƙafa ta riga, ya bar mana ƙofar gida." 'Yan gari da ke jin harshenmu suka fara matsowa, masu shaguna suka leƙo.

Baldo ya fuskanci bango. Ya ɗora ƙafar dama, ta kama. Ya yunƙura ya ɗora ta hagu, ta kama. Ya jira faɗuwa, faɗuwa ba ta zo ba. Yana tsaye a kan dutsen cire riga, hancinsa na shafar bango, ƙafafunsa kamar an kafe su da ƙusa. Duk dandalin ba wanda ya kai shi mamaki.

Baƙi suka ɗauki tafi.

A nan fa, da ya ja rigar nan take, da yanzu wani labarin muke yi. Amma tafi ga Baldo kamar ruwa ne ga kwaɗo. Ya karkato kai ta gefe ya ce, "Pave, akwai lemo a jakarki?"

"Cire riga, Baldo."

"Gaggawar me ake? Ku gaya wa yaran nan su duba yadda na ajiye diddige. Dundo, in ka gaji da tsayuwa je ka sha gahawa ka dawo, ina nan."

"Cire riga," in ji Tete Yele ta cikin haƙora, don ta ga tantabaru sun taru a gindin dutsen suna tsattsagar abin da ke manne a takalmansa.

Ya sa hannu ya kama gaban rigar ya ja. Ɗinki ya bi umarni. Gaba ya zube, hannun hagu ya bi ɗan'uwansa, gefe da gefe suka rabu. Kwala kuwa ta ce ba inda za ta. Tana nan a wuyansa da maɓallinta, da wani dogon ƙyalle na reto a baya kamar wutsiya. Ya ja, ta shaƙe shi. Ya nemi maɓallin, wuyan da ya kumbura ya haɗiye shi.

"Tete," ya ce da 'yar muryarsa, "kwala."

"Ba na farke kwala. Uwarka ce ta ɗinka ta da hannunta."

Yanzu kuma bayansa a buɗe yake, kowa na ganin faffaɗar fatar da ta zagaye shi, da gashin jaki a manne a jikinta. Dundo Miho ya matso, ya gyara tabarau, ya ƙwanƙwasa fatar da kan laima.

"Wannan ba majayin jakinka ba ne?"

"Ɗamarar 'yan wasa ce, daga Italiya."

"Ni na sayar maka da shi tare da jakin. Ga inda ɓera ya ci."

'Yan gari suka fashe da dariya. Baƙi ba su ji abin da aka ce ba, amma suka taya. Ana haka wata mata ta ratso taron da jar laima a hannu da gorar ruwa a hammata, fuskarta ta fi laimar ja.

"Wane ne ya kwashe mini mutane? Na zagaye dandalin nan kamar mahaukaciya, jirginsu na shirin tashi."

Duk yatsu suka nuna bango.

"Kai, mai sirdi. Wa ya ba ka izinin jagora?"

"Hajjaju," Baldo ya fara, sai ya tuna ba haka ake ce wa matan Birni ba, ya gyara, "ranki ya daɗe, ina cikin aiki."

Daidai nan ƙararrawar tsakar rana ta buga a bisa kansu. Tantabarun da ke gindin dutse suka tashi gaba ɗaya, suka bi ta tsakanin Baldo da bango, fiffike a fuska, gashi a hanci. Ya yi ƙoƙarin riƙewa. Ya runtse ido, ya cije leɓe, ya kira sunayen waliyyan da ya sani da waɗanda ya ƙirƙira. Atishawa ba ta san waliyyi ba.

Ƙarfen majayi ya tsinke da ƙara kamar bindiga. Tumbi ya dawo gida da gudu kamar ɗan da ya daɗe a tafiya, ya tarar da bango a gabansa, ya tura. Bango bai matsa ba. Baldo ne ya matsa. Ya fice daga cikin takalmansa ta baya, ya sauka da mazaunai a kan duwatsun nan masu santsi, ya zarce yana juyawa a hankali, baƙi na buɗe masa hanya, har sai da gindin famfo ya tare shi. Ƙarfen kuwa ya tsallake kawunan jama'a ya faɗa cikin farantin mai kai abincin nan, ya watsa masa miya a farar riga. Sai ga shi yana jin harshenmu sarai, har da irin zagin da sai a bakin masunta ake samu.

Takalma suna nan a kan dutse, a jere, suna fuskantar bango cikin natsuwa.

Ƙofar coci ta buɗe, wani tsohon fada mai doguwar riga ruwan ƙasa ya fito yana tambayar wa ya yi harbi. Mutum goma suka ba shi labari lokaci guda. Baldo ya miƙe yana riƙe da wando, da kwala a wuya, ya ɗingiso da safa.

"Fada, kai ne alƙali. Dubi dutsen nan. Takalmana sun taɓa ƙasa?"

"Ba su taɓa ba," in ji fada.

"To kun ji."

"Sai takalman su zo gidana gobe," in ji Dundo Miho. "Za mu karɓe su hannu biyu. Ga su da kunya, ba su da surutu."

Fada ya kama wutsiyar ƙyallen da ke bayan Baldo ya ɗaga. "Ɗana, wannan na jikin riga ne ko na jikinka?"

"Na riga ne."

"To riga ba ta fita ba, kai ne ka fita."

Baldo ya juya wajen Pave.

"Magana ɗaya ce, Baldo," in ji ta. "Ba kai ba ƙofar gidana."

Ya gyaɗa kai. Ya sunkuya, yanzu da sunkuyawa ta samu, ya shiga tsintar gutsattsarin rigar ubansa ɗaya bayan ɗaya yana karkaɗe su. Dariyar jama'a ta fara yin ƙasa. Jagora ta tattara baƙinta, amma ko ɗaya bai motsa ba.

Fada ya shiga ciki ya fito da kwalbar man zaitun, don shi ke sakin ƙaro. Ya zuba, ya murɗa, ya ja, takalma suka saki dutse da ƙyar. Ya karɓi hannun riga ɗaya a wajen Baldo ya goge wurin, ya ce wa samarin nan yau kam kowa ya haƙura, ko ƙuda ya sauka a nan sai ya karye.

Pave ta miƙa wa Tete Yele jakar ɗinkinta. Ta tuɓe takalmanta ta ajiye gefe.

"Ke kuma ina za ki?" in ji Dundo Miho.

"Riƙe mini bakinka, Dundo."

Macen da ta girma tana tsinkar zaitun a kan siraran katangun gona ba ta tambayar dutse izini. Ta ɗora ƙafa, ta ɗaga jiki, ta tsaya kamar a tsakar ɗakinta. Ta zare 'yar rigar sama mai adon siliki da ke kan rigarta, hannu ɗaya bayan ɗaya, ta ninke ta biyu, sannan ta sauko da kanta.

"Fada, ta mata ta ƙirgu?"

"Ta sama ta wadatar, 'yata. Nan ƙofar coci ce."

Tafin da aka yi har tantabaru suka sake tashi. Pave ta ratsa mutane ta je ta yafa wa Baldo rigar a kafaɗa, ko rabin bayansa ba ta rufe ba.

"Sa'ar auren tawa ce yanzu, ni ke da zaɓi," in ji ta. "Kai ka faɗo, ba za ka taka ƙofar gidanmu ba. Ni zan zo taka gobe, da Dundo. Mutumin da zai ɗaure cikinsa da kayan jaki saboda mace, in aka bar shi shi kaɗai a gida wata rana gawarsa za a tarar."

Fuskar Baldo ta washe. Gashin baki ya miƙe. Ya ja numfashi mai yawa, ya juya wajen jama'a ya ɗaga hannu. "To dama tsarin da na yi tun farko..."

"Daga nan har gobe," in ji Pave, "in na ji ka ba wani labarin yau da bakinka, na fasa."

Ya rufe bakin da sauri har haƙora suka yi ƙara.

Haka aka kai ɗinki, haka aka koma bas. Baldo ya zauna wannan karon, ya ci ɓaure, bai ce uffan ba. Direba, wanda ya san shi shekara da shekaru, ya yi ta leƙen madubi, har ya tsaya a hanya ya tambaya ko a wuce da shi asibiti.

Suna sauka a ƙauye mazauna shagon gahawa suka yo waje. Suka ga Baldo da rigar mata a kafaɗa, da kwala a wuya, da takalma a hannu suna ɗigar mai. Suka kewaye shi.

"Yaya aka yi? Ka hau? Ka cire?"

Baldo ya kumbura, ya yi ja, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Ya dubi Pave. Pave na duban farcenta. Ya nuna Dundo Miho da haɓa.

Tsohon ya nemi kujera, ya sa aka kawo masa gahawa, ya ba da labarin tiryan-tiryan, bai rage komai ba, bai kuma ƙara ba, wanda a wajen Baldo shi ne mafi ciwo. Gumi ya yi ta zubo masa.

"To mutum nawa suka kalli abin?" in ji mai shago.

"Ba laifi," in ji Dundo Miho. "Baƙin za su cika bas guda."

A hankali, daga ƙasan tebur, hannun Baldo ya taso da yatsu uku a miƙe.

Pave ko kallonsa ba ta yi ba. Ta miƙa hannu ta lanƙwashe biyu, ta bar ɗaya, ta ci gaba da sauraron kawunta da hannun a cikin nata.